Ɗana Ya Riga Jirginsa Isa Biyetnam

Bong mai haska fim ne ya tare ni a bakin ƙofar silima, ya riƙe mini hannun riga. Mutum ne da ba ya saukowa daga ɗakinsa na sama sai an tashi, don haka ganinsa a ƙasa da rana tsaka ya ba ni mamaki.

"Yaya, yau kada ka shiga," ya ce. "Ka ja Uwar Hak-su ku koma gida. Fim ɗin ma ba shi da daɗi."

"Ba fim muka zo gani ba. Labarai muka zo."

"Shi ya sa na ce kada ka shiga."

Na tambaye shi dalili. Ya dubi layin masu sayen tikiti, ya sake ni. Ya ce shi dai abin da jirgin ƙasa ya kawo masa shi yake ɗorawa, kuma doka ba ta yarda a fara fim ba a nuna majigin labarai ba. Ya juya ya hau matakalarsa. Matata ta ce giyar jiya ce ba ta sake shi ba, muka sayi tikiti.

Sunana Tak Byong-gil. Aski nake yi a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Miryang, a kudancin Koriya, kujera biyu da madubi da rediyo a kan kanta. Hak-su shi ne babban ɗana, kuma shi kaɗai ne namiji. Yana cikin aikin soja na dole lokacin da ya zo hutu da bazara, ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa a gabana, ya ce yana so ya ba da sunansa cikin masu tafiya Biyetnam. Na ce a'a. A lokacin yaƙinmu na yi wa sojoji dakon harsashi zuwa kan duwatsu, a dawowa kuma mutane nake saukowa da su. Ban yi masa dogon bayani ba. Na ce ya gama wa'adinsa ya dawo ya karɓi kujera ta biyu. Ya ce to, ya koma bariki ransa a ɓace.

Amma a shekarar nan babu inda mutum zai juya bai ci karo da Biyetnam ba. Rediyon shagona da ita yake kwana da ita yake tashi. 'Ya'yana mata suna dawowa daga makaranta da waƙar sojojin a bakinsu, suna wanke-wanke suna rera ta. Jarida kullum da hoton wani yaro namu yana murmushi a gindin bishiyar kwakwa. Masu zuwa aski kuma sai na lura bakinsu ya zama ɗaya.

"Amurka ta zubar da jinin 'ya'yanta a ƙasar nan, yau ita ke kira," in ji Maeng mai shinkafa, wata rana ina shafa masa kumfa. Maƙwabcina ne, ɗansa Gi-tae ya riga ya tafi. "In ba a tare 'yan kwaminis a can ba, a ƙofar shagonka za a tare su."

"Da safe na ji mai rediyo ya faɗi haka," na ce. "Har haddacewa kake yi?"

"Gaskiya ce, ko wa ya faɗa."

"To daina motsi, Baban Gi-tae. Aska ce a maƙogwaronka, kada ka riga ɗanka zubar da jini."

Masu jiran layi suka yi dariya, shi ma ya yi. Wani tsoho ya ce ai in muka hana Amurka 'ya'yanmu za ta kwashe sojojinta daga nan ta kai can, mu kuma a bar mu da sojojin Koriya ta Arewa. Wannan ma na ji ta a rediyo.

Ba rediyo ne ya karya ni ba, majigi ne. Da damina aka kawo wani na labarai, sai ga Gi-tae a allo. Bukka ce ta ciyawa, ga ganyen ayaba a gefe, ga wata tsohuwa da malfa mai tsini ta rufe mata rabin fuska. Gi-tae ya sauke buhun shinkafa daga kafaɗa ya ajiye a gabanta, ta sunkuya, ya juyo yana dariya. Muryar mai labarai tana cewa jaruman Koriya, kafaɗa da kafaɗa da abokansu na Amurka, suna ciyar da ƙauyukan da suka 'yanto. Maeng ya miƙe tsaye a tsakiyar silima yana kiran sunan ɗansa, mutane suka yi ta tafi. Daga ranar kullum sai ya je, har Bong ya daina barin a karɓi kuɗinsa.

Ni ma na koma sau da yawa, amma ba tafi nake yi ba, wuyan yaron nake kallo. Mai aski ya san wuyan mai tsoro, yakan ɗaure kamar igiya. Wuyan Gi-tae a sake yake, kumatunsa sun ciko. Yaron nan babu abin da yake tsoro.

"Ka gani ko?" matata ta ce a hanyar gida. "Rabon shinkafa suke yi. Kai ka ɗauka kowane yaƙi irin naka ne."

Da Hak-su ya sake zuwa ya sake kai goshi ƙasa, na ce ya je.

Kafin a tafi da su sai da aka kai su wani sansanin horo a cikin duwatsun Gangwon. Da kaka ta kama aka ba iyaye ranar ziyara. Muka ɗauki shinkafa da kimci, wato kabejin da ake jiƙawa da yaji, da dafaffen ƙwai, ni kuma na jefa askata cikin jaka don ban yarda da askin bariki ba. A ƙofar sansanin akwai wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara, wuyanta a karkace gefe guda, ba ta da haƙoran gaba. Matata ta tsaya ciniki da ita.

"Kaka, kamar na taɓa ganinki a wani wuri."

"Kowa haka yake ce mini," tsohuwar ta ce. "Guda nawa za ki ɗauka?"

Hak-su ya fito ya yi baƙi, ya rame kaɗan, amma cikin raha. Muka shimfiɗa tabarma a kan ciyawa. Ya ci kamar wanda aka daɗe ba a ba shi ba. Na duba ƙeyarsa, na ga yadda aka yi mata kamar akuya ce ta yi kiwo a wurin.

"Wa ya yi maka wannan ɓarnar?"

"Wani kofur ne, Baba. A gida mahauci ne."

"Ai ya nuna. Juyo."

Na jiƙa wuyansa da ruwan shayi ina gyara masa. Ina cikin yi yake ba uwarsa labari, wai jiya an sa kowa ya yanke ɗan gashi da farce ya sa a ambulan ya rubuta sunansa a kai. Ta tambaye shi na mene ne. Ya ce ai don in ba a sami mutum ba, a sami abin da za a kai wa iyayensa su binne. Yana faɗa yana dariya. Hannuna ya kufce, aska ta ɗan ci shi a bayan kunnen hagu. Tun ina yaron shago rabon da in yanki mutum. Uwarsa ta yi ta faɗa, ta zaro filasta daga jakarta ta yanka ta manna masa, ta yi ta a karkace saboda gaggawa.

"Shi ke nan, na sami raunin yaƙi tun ban je ba," ya ce.

Kafin mu rabu ya gaya mana ranar Asabar ta makon gaba jirgin ruwansu zai tashi daga Busan. Ban ɓoye wa kowa ba. Duk wanda ya zauna a kujerata a makon nan ya ji cewa ran Asabar zan rufe shago in je rakiya.

Ranar da Bong ya tare ni a ƙofa Alhamis ce. Saura kwana biyu.

Aka kashe fitilu. Majigin ya fara da buɗe wata masana'anta, sai wasan guje-guje na ɗalibai. Sai kiɗan badujala ya tashi, aka rubuta Biyetnam a allo. Ga bukkar ciyawa. Ga ganyen ayaba a gefe. Na ɗauka tsohon ne aka maimaita, har na ji Maeng a layin gabanmu yana gyara zama don ya ga ɗansa. Wani soja ya shigo da buhu a kafaɗa, ya ba mu baya. A bayan kunnensa na hagu akwai farar filasta, a karkace.

Ya ajiye buhun ya juyo yana dariya. Hak-su ne.

Matata ta damƙe mini cinya. Tsohuwar da ke allo ta ɗago don ta yi godiya, malfar ta zame baya, sai ga wuya a karkace, ga baki ba haƙoran gaba.

"Mai masara ce," matata ta ce a hankali. "Baban Hak-su, mai masara ce."

Mai labarai yana cewa a wannan ƙauye da ke kusa da fagen daga, mutane sun daɗe ba su ga farar shinkafa ba sai da jarumanmu suka iso. Ban ji sauran ba. Ina kallon gefen ƙeyar da na gyara da hannuna, gashin ko tsirowa bai yi ba.

Sai tafi ya ɓarke. Wani daga baya ya ce ɗan mai aski ne, aka fara miƙo hannu ana dafa mini kafaɗa a cikin duhu. Ba mu tsaya fim ba. Muka fito, wasu suka biyo mu har waje, rana tana dukan idanunmu.

"Ashe har ya isa. Kai, Amurkawa ba sa wasa."

"Bai isa ba," na ce. "Jirginsu sai jibi."

"To ai ga shi mun gan shi."

"Ni na ce maka sai jibi. Kai ma shekaranjiya a kujerata na gaya maka."

Mutumin wani mai gyaran keke ne. Sai ya ce wataƙila da jirgin sama aka kwashe su, Amurka tana da manya masu cin ɗaruruwan mutane. Wani ya ce haka ne, ai sojoji ba sa faɗin ranar tafiyarsu ta gaskiya saboda 'yan leƙen asiri, yaron ma bai sani ba. Nan take kowa ya gamsu. Na bi fuskokinsu da kallo. Mutanen da nake aske wa kai tun suna samari, babu wanda ya ga wani abin tambaya. Har matata, wadda ita ta fara gane tsohuwar, na ji tana cewa, "Ko dai kama ce? Tsofaffi suna kama da juna."

"Filastar fa? Ke kika manna ta."

"In da jirgin sama suka tafi, ai ba za ta ɓalle ba tukuna."

Ni kaina sai da na fara tunanin ko ni ne na ruɗe.

Maeng ne kaɗai bai yi mini barka ba. Yana tsaye a jikin bango yana ƙoƙarin kunna sigari, ashana tana ta mutuwa. Na je wurinsa.

"Baban Gi-tae, bukkar nan ka gane ta?"

"Bukkoki a can duk iri ɗaya ne."

"Tsohuwar fa? Mun sayi masara a hannunta a ƙofar sansani. Yaren Gangwon take yi."

"Rufe mini baki."

"Yaushe rabon da ka sami wasiƙar Gi-tae?"

Ya jefar da sigarin. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Tun kafin damina. Na ce wa uwarsa aiki ne ya yi musu yawa, ai ga shi mun gan shi lafiya a majigi. Da wannan take barci. Kana so in je in ce mata hoton tun yana ƙasar nan aka ɗauka?" Ya waiga hagu da dama. "Kuma ka iya bakinka, mai aski. An tafi da mutane a kan abin da bai kai wannan ba. Kana da 'yan mata a gida."

Ya tafi yana jan ƙafa, ya manta hularsa a kan dakali.

Na hau wurin Bong. Ɗakin da zafi kamar tanda, injin yana ta kuka. Bai jira na tambaya ba, ya nuna mini gwangwanin da faifan ya zo a ciki. An rubuta watan gobe a jikinsa. Ya ce wani ne can wurin rabawa ya haɗa namu da wanda bai kamata ya fito ba tukuna, shi ma sai da ya ɗora a nunin safe ya gani.

"Dama haka ake yi?"

"Yaya, ni juya inji na iya. Akwai waɗanda daga can ake ɗauko su, na ga masu hayaƙi da jirage. Wannan kuwa ban sani ba. Gobe zan mayar da tsohon, in ce wannan ya tsinke." Ya share gumi da gefen riga. "Ka manta ka hau nan."

Na sauko da abu ɗaya a kaina. Na ba da ɗana ne saboda wuyan Gi-tae da kumatunsa, alhali yaron a lokacin yana cin shinkafar ƙasarsa, tafiyar yini ɗaya daga gidan ubansa. Abin da ke can Biyetnam ban taɓa ganin ko ƙyallinsa ba. Dole in kai ga Hak-su kafin jirgin ya tashi. Zan sami wani hafsa in ce na janye yardata, shi kaɗai ne namiji a gidana, uwarsa ba ta da lafiya, duk abin da ya zo bakina.

Jirgin ƙasan sojoji yana wuce garinmu ba ya tsayawa, don haka Busan ce kawai. Ran Asabar muka shiga jirgin safe. Na san iyaye suna ɗaga kyalle da sunan ɗansu don ya hango su, sai na ɗauki farin mayafin da nake yafa wa masu aski. Na tsoma burushi a tawada, na so in rubuta ya sauko. Matata ta ƙwace burushin, ta ce so nake a kama mu duka. Ta rubuta sunansa kawai, manya-manya.

Tashar jirgin ruwa ta cika maƙil. An jero 'yan makaranta mata da ƙananan tutoci, malamansu suna nuna musu lokacin ɗagawa. 'Yan badujala suna busa. Jirgin na Amurka ne, toka-toka, ya fi kowane gini a Miryang tsayi, kuma sojojin sun riga sun hau. Sun cika samansa, dubbai, kaya iri ɗaya, hula iri ɗaya. An ja igiya tsakaninmu da bakin ruwa, 'yan sandan soja suna tsaye a jikinta.

Na kutsa har wurin ɗaya daga cikinsu, yaro ne sa'ar Hak-su.

"Ɗana, ina ne zan ga babbanku? Akwai kuskure a kan yarona."

"Baba, ja baya."

"Magana ɗaya ce. Shi kaɗai gare ni, na fasa."

"Ka fasa me?" Ya dube ni kamar na yi wani yare. "Baba, an janye matakala. Ja baya kada a take ka."

Na duba, da gaske an janye. Tsakanin jirgin da ƙasa babu komai sai zaren takardu masu launi da sojoji suka jefo, mutane suna riƙe da bakinsu.

Muka buɗe mayafin, ni da matata, muka ɗaga. Sauran iyaye ma kowa da nasa, sunaye kamar shanya. Ta gaji ta saki gefenta, na riƙe shi ni kaɗai da hannu biyu sama da kaina, ina tsalle. Can sama, kusa da wani ƙaramin kwalekwale da aka rataye, wani soja ya cire hula yana kaɗawa wajenmu. Matata ta ce shi ne. Ni ban iya rabe fuskarsa ba.

Jirgin ya yi kuka, wani irin kuka da na ji har cikin haƙorana. Na fara ihu. Ina cewa ya sauko. Ina cewa ƙarya ce, mai masara ce, ya sauko. Na san babu ta inda zai sauko, na san in ma ya sauko kurkuku ce, amma bakina ya ƙi tsayawa. Badujala ta ƙara ƙarfi, 'yan makaranta suka ɗauki waƙa, ko ni ba na jin muryata. A gefe na ga wata motar soja da mutum a tsaye a kanta da kyamara mai ƙafa uku, ya juyo da ita wajenmu. Ban damu da shi ba. Zaren takardun suka miƙe, suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya.

Muka hau jirgin ƙasa muka koma gida. Muryata ta dushe, sai da ta yi kwanaki kafin ta dawo.

Bayan 'yan makonni, ina share gashi a shago, mai gyaran keke ya leƙo yana haki, ya ce in zo in ga kaina. Na ce wane kai. Ya ce a majigi, tun jiya ake nunawa, gari duk ya ɗauka.

Na tafi ni kaɗai, na zauna a layin ƙarshe. Ga tashar Busan, ga tutoci, ga jirgin. Sai allon ya cika da fuskata. Ban taɓa ganin kaina haka ba, ni da nake yini a gaban madubi. Hannuwana biyu a sama, mayafi yana kaɗawa, hawaye ya wanke mini fuska, bakina a wangame. Babu muryata, kiɗa ne kawai da mai labarai. Yana cewa ga wani uba ya ɗaga hannu biyu yana yi wa ɗansa addu'ar nasara, yana ce masa kada ya dawo sai ya fitar da ƙasarsa kunya. Ya ce da irin waɗannan iyaye ne duniyar 'yanci take tsaye.

Ina kallon leɓɓana a allo. Sauko, suke cewa. Sauko. Duk wanda ya duba da kyau zai gani. Na juya na dubi mutanen da ke gefena, hasken allo yana kan fuskokinsu. Wata mata tana share ido da bakin zane. Babu mai kallon leɓɓan.

Daga nan shagona ya cika. Mutanen da ba su taɓa zuwa ba suka fara zuwa, wasu ba aski ya kawo su ba, gaisuwa ce. Shugaban unguwa ya aiko a tambaye ni ko zan yi wa ɗalibai jawabi, na ce maƙogwarona bai warke ba. Maeng ya daina zuwa. In muka haɗu a hanya sai ya sunkuyar da kai, ni ma haka.

Ranar kasuwa da ta wuce wani manomi ya shigo da ɗansa, saurayi cikin kakin soja, ya zo hutu. Manomin ya cire hula ya rusuna mini kamar wani babba.

"Kai ne na majigi, ko? Na ce wa uwarsa sai na kawo shi ka aske shi da hannunka." Ya tura yaron kan kujera. "Wata biyu yana roƙona ina hana shi. Da na gan ka sai kunya ta kama ni. Na ce wannan mutumin ɗa ɗaya gare shi, ya ba da shi da hannu biyu, ni mai uku ina ɓoyo."

Na yafa wa yaron mayafi. Wuyansa siriri ne, akwai ƙuraje a ƙeyar. Akwai mutum biyu a benci suna jiran layi, ɗaya ban san shi ba. Rediyo yana ta magana. Na rage shi, na matsa kusa da manomin.

"Kawu, ka san abin da nake faɗa a wurin nan?"

"Ai mun ji. Kada ya dawo sai da nasara."

"Wannan mai labarai ne. Ni cewa nake ya sauko daga jirgin."

Ya dube ni. Sai ya fashe da dariya, ya buga cinya, ya juya wajen na benci. "Kun ji mai aski da barkwanci. Wai ya sauko." Su ma suka yi dariya, har yaron ya yi murmushi a madubi. Wanda ban sani ba shi kaɗai bai yi ba, yana dai duban jaridarsa.

Na ce da gaske nake. Manomin ya ce ya sani, ya sani, kowane uba zuciyarsa takan yi rauni daga baya, amma abin da mutum ya yi a gaban jama'a shi ne nasa. Ya dafa ni. Na ɗauki almakashi na yi wa yaron aski, na gyara masa ƙeya a hankali. Suka yi godiya suka tafi.

Har yau wasiƙar Hak-su ba ta zo ba. An ce takan ɗauki lokaci. Majigin da Hak-su ya ba tsohuwa shinkafa a ciki ya fito a watan da aka rubuta masa, mutane suka sake yi mini barka, babu wanda ya tuna ya taɓa ganinsa. Matata tana zuwa kallo duk ranar da aka nuna, ni ba na zuwa.

Ban sani ba ko sojan da ya kaɗa hula daga saman jirgin Hak-su ne, ban kuma sani ba ko ya gane abin da nake faɗa. Ban san wane gari aka kai shi ba, ko abin da ake sa shi yi a can. Maeng ma har yanzu bai san inda Gi-tae yake ba.